Surukar Filomina

Filomina Enoch 'yar Kafanchan ce. Ta zo New York tare da mijinta da ɗansu guda, Joshua, yana ɗan shekara takwas. A shekararsu ta biyar ciwon zuciya ya ɗauke mijin, ta zauna da yaron a Parkchester, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. A zumuntar mata ta majami'armu da ke Tremont na san ta. Gajera ce mai saurin tafiya, kuma abin da ke cikinta shi ne a bakinta.

Inda ta fi daɗewa tana aiki shi ne gidan wata tsohuwa Bayahudiya a Riverdale, Misis Gittel, matar wani malamin addininsu da ya rasu. Shekara goma sha ɗaya suka yi tare. A makon farko Filomina ta tsoma cokalin nama a tukunyar madara, tsohuwar ta kwana biyu ba ta ce mata uffan ba. Daga baya ta ƙware har tana gyara wa baƙi: kwanukan nama daban, na madara daban, ba a taɓa wuta daga yammacin Juma'a sai Asabar ta fita. Kaka take kiran tsohuwar.

Duk ranar Alhamis wata jikar Kaka, Tamar, takan zo da burodin Asabar. Doguwa ce mai sanyin magana, malamar lissafi a makarantar sakandare. Filomina ta lura cewa in dai Tamar tana gidan, babu wani ɗan dangi da ke leƙowa. Wata rana tana taje wa Kaka kai, sai ta tambaya.

Kaka ta ce, "Namiji aka haife ta. Mijina ne ya riƙe ta ranar kaciya. Tana da shekara ashirin da uku ta sauya jinsi. Ubanta, ɗan cikina, ya yage rigarsa kamar an yi masa rasuwa."

"Ke fa, Kaka?"

"Ni na tsufa da yage riga. Ki ci gaba da tajewa."

Joshua ya girma ya zama ma'aikacin motar asibiti. In sanyi ya yi tsanani yakan biya ya ɗauko uwarsa, ya hutar da ita bas da jirgin ƙasa, a nan suka haɗu da Tamar. Filomina ba ta kawo komai a ranta ba, sai wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, tana dama faten acca, ya tsaya a ƙofar kicin.

"Mama, Tamar zan aura."

Da Turanci ya faɗa, yadda ya saba. Ita kuwa da Hausa ta tambaye shi, "Ka san ko wace ce?"

"Ita ta gaya mini da bakinta, tun ranar da muka fara fita. Kuma Mama, zan shiga addininsu."

Filomina ta kashe wuta ta shige ɗaki. Mako uku suna gida ɗaya, sai dai ya tarar da abincinsa a rufe. Ta gaya mini ba ta san wanne ya fi ƙona ta ba, ɗanta ya bar bangaskiyar da ubansa ya mutu a cikinta, ko kuwa matar da ya zaɓa.

A wurin aiki ma ba ta ɓoye ba. Ta ce, "Kaka, jikarki za ta raba ni da ɗana."

Ashe ita ma Kaka ba barci take yi ba. Ta ce a tura ta a keken guragu zuwa wurin wani almajirin mijinta, wanda yanzu shi ne rabbi, wato malamin majami'ar unguwar. Filomina ce ta tura ta. Mutumin ya karɓe su da girmamawa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a tafarkin da suke bi, yadda aka haifi mutum haka doka take ɗaukarsa, don haka shi ba zai iya ɗaura wannan aure ba. Kuma ba sa karɓar wanda aure ne ya kawo shi addini. Amma ya ƙara da cewa Tamar Bayahudiya ce, ba mai iya ƙwace mata wannan, kada Kaka ta rufe mata ƙofa.

Abin da Filomina ta yi ta addu'ar ji ke nan. Sai ga shi a hanyar komawa tana tura keke tana huci.

Kaka ta ce, "Me kuma ya faru? Ba haka kike so ba?"

"Wato ɗana ne bai isa ba? Yaron da yake ɗaukar marasa lafiyarsu a kafaɗa daga hawa na shida?"

Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Tamar ce ta roƙi Filomina da Joshua su je su ga rabbin majami'ar da take zuwa a Manhattan, wadda ke bin wata mazhaba dabam. Wannan rabbin mace ce mai furfura da tabarau. Ta ce malamansu sun daɗe da zama a kan wannan tambaya, kuma hukuncinsu shi ne Tamar mace ce, ana iya ɗaura mata aure. Matsalar tana wurin Joshua. Ta dube shi ta ce, "In Tamar ta rabu da kai gobe, za ka dawo nan jibi?" Ya ce bai sani ba. Ta ce ya je, in ya sani ya dawo. Sai da ya yi wata biyu kafin ya koma shi kaɗai, ta sa shi a aji.

A wancan zaman Filomina tambaya ɗaya ta yi. Ta ji an ce wanda ya shiga addininsu kamar sabon haihuwa ne, shin ke nan ita ta tashi daga uwarsa?

Rabbin ta ce, "Haka ake faɗa. Amma dokar nan ce ta wajabta masa girmama wadda ta haife shi. Ranar da ya ɗaga miki murya, ki kawo mini ƙararsa."

Shekara ɗaya da rabi Joshua yana karatu. Ya koyi baƙaƙensu, ya roƙi a canza masa aikin Asabar. A majami'armu kuwa magana ta bazu. Wasu mata suka daina zama kusa da Filomina. Yayanta Filimon, da ke Park Hill, ya kira ta a waya ya kira Tamar da wani suna da ba zan maimaita ba, ya ce ba shi ba su. Da Filomina ta je wurin fastonmu, bai ce ya yarda da auren ba. Ya ce, "Mama Joshua, ki ci gaba da yi masa addu'a. Amma wanda ake yi wa addu'a ba a korarsa daga gida."

A cikin watannin nan ne Filomina ta zame a kan ƙanƙara ta karye a wuyan hannu. Joshua yana bakin aiki, Tamar ce ta zo. Kwana goma tana hawa jirgi lamba shida bayan an tashi makaranta, ta yi mata wanki, ta ɗaura mata ɗankwali a karkace. Ba su yi wata doguwar magana ba. Rana ta ƙarshe Tamar ta ce, "Mama, na san ba ni kika roƙa masa ba." Filomina ta ce, "Gaskiya ne. Zo in nuna miki yadda ake ɗaurin nan, kin ishe ni da kunya."

Ranar da aka karɓi Joshua cikin addininsu, malamai uku suka zauna suka yi masa tambayoyi. Da yake yana da kaciya, ɗigon jini ɗaya kawai aka ɗiba, sannan ya nutse a ruwan tsarkinsu. Filomina tana zaune a baranda tana kuka, kuma ta ce mini kada in rubuta cewa na murna ne. Da ya fito da jiƙaƙƙen kai ya durƙusa ya gaishe ta da Hausa. Sunansa ma ba a canza ba, aka ce ai asali nasu ne.

An ɗaura aure a ƙarƙashin rumfa mai sanduna huɗu. Uban Tamar bai zo ba. Uwarta ta zo, ta zauna a baya, ta tafi kafin abinci. Mu shida muka je daga zumunta cikin ankonmu. Filomina ce ta riƙe sanda ɗaya da hannun da ya warke, Kaka tana gefenta a keke tana gyara wa rabbin karatu.

Kaka ta rasu bara, a hannun Filomina. Yanzu wani tsohon direban tasi take kula da shi a Tremont. Yammacin Juma'a takan ci abinci a gidan ɗanta, ranar Lahadi shi yake kai ta majami'a, ya jira a mota. Har yanzu tana roƙon Allah ya dawo da shi, kuma shi ma ya sani. Shi da Tamar sun fara neman izinin ɗaukar riƙon yarinya. A Kirsimetin da ya wuce Filimon ya kira. Ya yi ta zancen sanyi da ciwon gwiwa, can da zai ajiye waya ya ce, "Yaron nan, yana lafiya?" Ta ce lafiya lau, da shi da matarsa. Ya ce ta gaishe su.