Gonar da Yaya Ya Bar Mini Kiwo

Ni ba na son wasan salula. Gara in faɗa tun farko, don kada wani ya ɗauka sha'awa ce ta sa na shafe fiye da wata guda ina ba wa tumatir ɗin ƙarya ruwa safe da la'asar. Yayana ne ya ɗora mini, ranar da zai tafi haƙar zinariya Tchibarakaten. Ya same ni a butik ɗin da nake aikin fotokofi tun da jarrabawar bak ta shiga jami'a ta kayar da ni karo na biyu, jakarsa a kafaɗa, ya karɓi salulata ba tare da ya tambaye ni ba ya saka wasan a ciki.

Gona ce a cikin waya. Ka shuka, ka ba da ruwa, ka ciyar da shanu. In ka yi kwana biyu ba ka leƙa ba, shuka ta bushe, makinka ya zube. Masu wasan ƙungiya-ƙungiya suke, kowace da ɗakin hirarta a cikin wasan. Ta su Yaya duk mutanen Arlit da Akokan ne: direbobi, masu gyaran mota, da waɗanda suka rasa aiki da aka rufe ramin ma'adinin da babanmu ya yi wa aiki har ya rasu. Maza masu gemu, a garin da in ka ga ganye to wani ne ke ɗibar masa ruwa da bokiti, sun zauna suna gardama a kan wanda kabewarsa ta fi girma.

Suna da al'adarsu. In mutum zai shiga daji inda babu reso, wato sabis ɗin waya, sai ya ba wani lambar sirrinsa ya riƙe masa gona. Suna ce wa wannan ba da kiwo, kamar yadda ake kai wa makiyayin dajin Dannet akuya ya haɗa da nasa. Ƙa'idar ita ce a sanar a ɗakin hira, wane ya tafi, wane ke riƙe. Yaya ya ƙi sanarwa. Ya ce in suka ji ƙanwarsa ce ke masa noma, ba zai sake shan shayi a fada, majalisar hirarsu, cikin kwanciyar hankali ba. Ya ce kada in rubuta komai, in wani ya yi masa magana in danna hoton nan na babban yatsa a sama, shi ke nan. Na ce masa aikin banza ne. Ya ce ya sani, shekara guda ya yi yana gina ta.

Na karɓa don butik ɗin akwai kuran, wato wutar lantarki, fiye da gidanmu, akwai wifi, kuma tsakanin azahar da la'asar ko ƙuda ba ya shigowa.

Hirar tasu ita ce ta fara gajiyar da ni. Wani zai rubuta cewa salularsa tana zafi kamar garwashi, wani ya ce ya jingina ta da randa, wani ya ce ya saka ta a firigo, na farkon ya ce wane firigo, tun jiya da hantsi aka ɗauke kuran. Akwai makaniken da batirinsa ya kumbura har ya ɗaga bayan wayar, kullum sai an tambaye shi watan haihuwa ya kama ne, a shirya ragon suna. Akwai wanda ke aiko bokal, wato saƙon murya, na minti shida don kawai ya ce reso ba shi da kyau yau. Kwana uku suka yi suna musu a kan ko sharjar ɗin cajin waya da ake kawowa daga Tamanrasset ya fi na Agadas, har biyu suka daina gaisawa. Ni dai in karanta, in yi tsaki, in ba wa tumatir ruwa, in rufe. Duk wanda ya shiga wasan, wani ɗigo kore yana kunnuwa kusa da hotonsa. Na ga ɗigon, ban taɓa tsayawa na yi tunaninsa ba.

Juma'a biyu na farko Yaya ya aiko wa Inna bokal ta wayata, daga rumfar masu sayar da wifi a can. Ya ce rana ce kawai da ƙishirwa, amma lafiya. Juma'a ta uku shiru. Ta huɗu shiru. Na fara duba wayar fiye da yadda nake so in amsa. Amma Inna hankalinta kwance, abin da ya ba ni mamaki, don ita ce mai tashin hankali in Yaya ya wuce magariba a fada. Ta ce maƙwabciyarmu ta gaya mata mijinta yana ganinsa kullum, yana nan ƙalau, aiki ne ya yi masa yawa.

Mijin maƙwabciyar, wanda muke kira Kawu, mutumin Gougaram ne, abokin babanmu tun suna samari. Yana jan babbar mota, yana kai ruwa da fulawa wuraren zinariya. To mutumin da ke zuwa can ya ce yana ganinsa, me zan tambaya kuma? Na ɗauka da ido ne. Inna ma haka ta ɗauka. Na san Kawu yana cikin ƙungiyar, hotonsa raƙumi ne da tabarau, yana yin wasan ne in suna jiran ayari ya tashi. Sau biyu ko uku ya rubuta wa Yaya, ya aiki, ya rana, ni kuma na danna masa yatsa kamar yadda aka ce in yi. Ban haɗa wannan da wancan ba. Ina da takardar brebe, na kai ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare, sau biyu, ban haɗa ba.

Ranar wata Talata da hantsi Kawu ya shigo butik zai yi fotokofin takardun mota, washegari ayarinsu zai tashi. Ina jera takardun a kan gilashi na tambaye shi ko Yaya ya rame. Ya yi dariya, ya gyara rawaninsa. Hausarsa irin ta mutanen yankin Ayar ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu.

"Ɗiyata, wurin nan ka ɗauka kamar kasuwar Arlit ne? Mutum dubu, rami dubu. Ban sa shi a ido ba. Amma yana nan, ko ɗazu da safe ya ba gonarsa ruwa. Duk cikinmu ba wanda ya kai shi kore."

Salulata tana kife a kan tebur kusa da hannunsa, wasan a buɗe.

Kowa ya san ni da baki. Malamanmu sun sha kora ta daga aji saboda shi. Amma ranar na miƙa wa Kawu takardunsa, na ce Allah ya kiyaye hanya, ya fita. Na zauna ina kallon injin yana huci. Na lissafa da yatsu, kwana ashirin da biyar ke nan rabon da wani mai rai ya ji muryar Yaya, kuma duk labarin lafiyarsa da Inna ke kwana da shi daga babban yatsana yake fita, ya zaga ta wayar Kawu, ya bi ta bakin matarsa, ya tsallaka katanga ya dawo gidanmu.

Sai bayan azahar na iya rubutawa. Na ce ni ƙanwarsa ce, ni ke riƙe da gonar tun ranar da ya tafi, duk yatsan da suka gani nawa ne, kuma ba mu ji daga gare shi ba tun Juma'a uku da suka wuce.

Abin da ya fara zuwa dariya ce. Makaniken mai batiri ya ce dama ya yi mamaki, Yaya bai taɓa ba da ruwa a kan lokaci ba a rayuwarsa. Wani ya ce a cire masa maki, ya yi hayar lebura. Wani ya tambaya ko manomiyar tana da miji. Na rubuta masa amsar da ba zan maimaita a nan ba. Daga nan mai bokal na minti shida ya rubuta, ya ce ku dakata, ta ce Juma'a uku fa. Ina ganin ɗigonsu kore a jere, ba wanda ke rubutu.

Bokal ɗin Kawu ya zo, gajere. Babu dariya a muryar.

"Ɗiyata, rufe wasan nan yanzu. Kada ka sake buɗewa har in dawo. In ɗigon ya kunnu, mu san shi ne."

Na rufe. Daga baya na gane abin da na amsa: hirar a cikin wasan take, duk wani labari can zai fara faɗowa, ni kuma ba ni da damar leƙawa ba tare da na sake yi musu ƙarya ba.

Da na koma gida Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Na gaya mata a tsaye, ban yi kwana-kwana ba. Na zaci za ta yi faɗa, na ma shirya amsa. Ta ajiye rariyar ta tambaye ni, to tun yaushe ke nan. Na faɗa mata. Ta ce in kunna mata bokal ɗinsa na ƙarshe. Ta saurara sau biyu, ta miƙo mini wayar da yatsu biyu, ta ci gaba da tankaɗe. Kwana biyar ba ta ce mini komai ba sai abin da ya shafi girki da ruwa.

Kwanakin nan na fi jin su a butik. Lokacin ba da ruwa ya yi, hannuna ya kai kan wayar da kansa, in janye. Na san tumatir yana bushewa, na san shanu sun daina ba da nono, kuma haushin kaina ya ishe ni da har na san wannan. Mutane suna shigowa da takardun haihuwa da na neman aiki, ina bugawa, ina juye wasu a karkace, ina sakewa.

Rana ta shida da hantsi maƙwabciya ta shigo gidanmu da wayarta a hannu, ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Kawu ya samu Yaya. Ya bi rumfa-rumfa yana tambaya har kwana biyu. Batirin Yaya ya kumbura ya mutu tun farko, shi ya sa bokal ya tsaya. Bayan mako guda dutse ya faɗo masa a ƙafa cikin rami. Tun lokacin yana kwance a tanti, abokan raminsa suna wanke masa da ruwan gishiri, suna jiran ya samu sauƙi ko a samu motar wanda ya san shi. Kawu ya ce sau biyu a cikin kwanakin ya ajiye mota inda in ya taka, kafin shayi ya tafasa ya isa tantin, kuma sau biyun ya dawo Arlit da kujera babu kowa. Bai nema ba don gonar tana kore.

Da Kawu ya dawo da shi, a asibiti suka cire masa yatsun ƙafa biyu. Likitan ya tambaya me ya sa aka daɗe haka. Inna ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce hanya ce da nisa.

Da aka sallame shi, yana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa da ƙafar a kan matashi, ya ce in ba shi wayata. Ya buɗe wasan ya daɗe yana kallo. Komai ya zama ruwan ƙasa.

"Ko shanun ba ki bari ba?"

Na ce masa in ya sake yi mini maganar shanu zan taka masa ƙafar. Ya yi dariya har ta yi masa zafi. Bai taɓa cewa laifina ne ba, ni ma ban taɓa cewa nasa ne ba, ko da yake na tanadi maganar, har yanzu tana nan.

Ƙungiyar ta yi sabuwar doka: duk wanda ya ba da kiwo, sai an canza hotonsa zuwa igiyar ɗaure akuya har ya dawo. Sun yi mako suna musu a kan wace irin igiya. Sun aiko Yaya ya gaya mini suna so in buɗe tawa gonar in shiga, wai na fi rabinsu iya noma. Na ce ya gaishe su. Inna kuwa, duk wanda ya kawo mata labarin wani, ko na ɗan'uwanta ne a Damagaram, sai ta tsayar da shi ta tambaya, da idonka?

Yaya bai koma rami ba, ƙafar ba ta shiga takalmin aiki. Kawu ya ba shi tsohuwar waya, ya sake shuka daga farko. Unguwarmu takan yini babu kuran, don haka da safe yakan miƙo mini ita in tafi da ita butik in cika masa batiri, yana cewa tunda tana hannuna in ɗan leƙa masa tumatir. Nakan kashe ta tun a ƙofar gida, in saka ta caji a bayan injin fotokofi, da la'asar in mayar masa da ita a kashe.