Butar da ta biyo kwalin gwanjo

Jama'a, yau asalin mai kayan da nake sayarwa ya same ni har gida!

Kun tuna kulolin abincin da na saro a gwanjon wani shago da ya karye? Na ɗora hotonsu a sitatus. Ashe wata tsohuwar butar ƙarfe da ta biyo kwalin kulolin ta fito a gefen hoton.

Sai ga saƙo: "Hajiya, nawa butar?" Na ɗauka zolaya ce, na ce a zo a ɗauka kyauta.

Bayan la'asar sai ga wani dattijo, tun daga Mando! Ya ce, "Shagona ne aka yi gwanjonsa. Butar alwalata ce suka haɗa da ita."

Da kyar na ce, "Baba, Allah ya mayar da alheri."

Ya ce amin. Ya durƙusa gaban kulolin, ya goge su da hannun rigarsa, ya jera manya a baya, ƙanana a gaba. Ya ce, "Haka suka fi shiga ido, 'yata."

Ya ɗauki butarsa ya tafi.

Masu saye sai turo saƙo suke. Ni dai ina zaune. Na kasa cire ko ɗaya daga jerin.