Yafiyar da Ta Makara

Maigidana ya yi shekaru yana ɗaukar kaya a kasuwar Rungis da ke gefen Paris kafin ciwon daji ya kama shi. Da likitoci suka ce magani ya ƙare, sai lallaɓa, ba mu samu gado a Paris ba. 'Yarmu da ke karatu a Villeurbanne, kusa da Lyon, ita ce ta samo mana wuri a wani asibiti a Lyon, sashen waɗanda ba a sa ran tashinsu.

Likitar sashen ta zaunar da mu, 'yarmu tana fassara mini abin da ya fi ƙarfin Faransancina. Ta ce dokar Faransa, Paris ko Lyon, ba ta yarda a yi wa mutum allurar mutuwa ba. Wannan sai Beljiyam. Amma idan ajali ya matso kuma zafi ya gagari magani, mara lafiya yana da ikon neman a sa shi barcin da ba zai farka ba, har ciwon ya kai shi inda zai kai shi.

Maigidana ya ce ya yarda, amma sai yayansa ya zo. Yayan nasa, Alhaji, shi ne ya kawo shi ƙasar nan, shi ya samo masa aiki. Ranar da labarin rasuwar mahaifiyarsu ya zo daga Maradi, ya faɗa wa Alhaji magana mai zafi a gaban mutane. Tun daga nan gaisuwar salla kawai ke haɗa su. Yana so ya nemi gafara da bakinsa, ya ji amsa da kunnensa, kafin ya yi barcin.

Na kira Alhaji a gidansa da ke Saint-Denis, a gefen Paris. Ko gaisuwa ba mu gama ba Alhaji ya katse ni.

"Barci? Sunan da suka sa wa kisa ke nan yanzu?"

"Yaya, ba kisa ba ne. Likita ta ce..."

"Likita ce ta ba shi ran? Ke da 'yar bokonki kun gaji da jinya, ku fito fili ku faɗa."

Na ce, "Kai yake jira. Ya ce ba za a fara ba sai ka zo."

Ya ce, "To, madalla. Ba zan zo ba ke nan."

Lissafinsa ke nan: muddin yana zaune a Paris, ƙanensa yana raye a Lyon. Ya ɗauka kare shi yake yi. Bai ga abin da muke gani ba. Bai ga mutumin da a da yake saɓa rabin naman saniya a kafaɗa yana cizon bargo don kada 'yarsa ta ji nishinsa ba. Duk sanda aka turo ƙofa sai ya juyo da kai. Mai shara ce, ko mai canjin zanen gado. Likita ta sake tambayarsa, ya ce a ƙara masa kwana, baƙonsa yana hanya.

Na sake kiran Alhaji. Na roƙe shi ko ta waya ya faɗa wa ƙanensa ya yafe masa. Ya ce ya san wayon, yana faɗa za a ɗaura allura. Daga baya ya daina ɗauka.

Wata safiya maigidana ya kasa haɗiye ruwan da nake ɗiga masa. Ya dubi 'yarmu ya ce, "Kira likitar." Ya yi kalmar shahada, na maimaita tare da shi. Abin da ya faɗa bayanta kaɗan ne: "Ki ce wa Yaya na jira."

Washegari da la'asar Alhaji ya iso, da carbi da gorar zamzam. Tafiyar da jirgin ƙasa ke yi tsakanin hantsi da azahar, ita ta ɗauke shi duk kwanakin nan. Ya tarar da ƙanensa kwance, fuska a sake, yana numfashi a hankali, karon farko cikin watanni. Ya sunkuya a kunnensa.

"Na yafe maka. Kai ma ka yafe mini. Ka ji? Ni ne."

Ya faɗa ya sake faɗa. Sannan ya ɗago, ido jajur, ya tambaye ni, "Yana ji kuwa?"

Likita ta taɓa ce mana babu wanda ya sani. Da na ce masa yana ji, da ya samu abin riƙewa. Na ba shi saƙonsa kawai, yadda aka ba ni.

"Ya ce ya jira."