Jirgin Usta Mitwalli Mai Aski

Wata Juma'a na ratsa kasuwar kifi cikin farar jallabiyata, ina mamakin yadda kowa ke washe mini baki. Mata masu kankare kifi har da guɗa. Na ce a raina, yau kwarjinina ya motsa. Sai a ƙofar masallaci ladan ya ja ni gefe ya ce, "Abu Samah, Allah ya sanya alheri, waye angon?" Ashe jirgin ruwan da na jingina da shi ina shan shayi, fentinsa bai bushe ba. A gadon bayana an buga sunan jirgin, "Amaryar Tafki", da ja, a juye, amma a garin da rabin mutane ba su gama firamare ba, ranar babu wanda ya kasa karatu.

Jirgin na Usta Mitwalli ne, mai askin unguwarmu a bakin tafkin Burullus. Usta a nan laƙabin mai sana'ar hannu ne, Rayyis kuma na shugaban jirgi.

Ubansa, Rayyis Abdul-Ati, masunci ne da ake faɗa. Mitwalli kuwa ranar da aka fara fita da shi yana yaro, tun ba a kwance igiya ba ya amayar da waken da ya karya da shi a kan taru. Aka sake gwadawa, ya sake. Uban ya kama hannunsa ya kai shi garin Baltim koyon aski, ya ce ko ba komai kujera ba ta tangaɗi. Tun daga nan yake shagonsa, yana ba masunta labarin teku, su kuma suna "haka ne, ya Usta," don aska na kan maƙogwaronsu. Ya san sunan kowace iska. Bai taɓa bari ɗaya ta taɓa masa gashi ba.

Da uban ya rasu, 'yan'uwan Mitwalli suka sayar da jirgin uban suka tafi Libiya. Abin da ya rage shi ne turken ɗaure jirgi na gidansu, wanda ya fi kowane kusa da masu sayen kifi. Al'adarmu kuwa ba ta da ɓoyo: turke na gida ne muddin akwai jirginsu a ruwa ɗaure a jikinsa. In lokacin kamu ya buɗe turke na wofi, shehun masunta ya ba wani. Rayyis Gabir, mai jirage biyu da ciki ɗaya babba, har ya fara shanya tarunsa a wurin.

Abin ya tsaya wa Mitwalli a rai. Ya ce turken da ubansa ya kafa ba zai koma hannun Gabir yana numfashi ba. Ya je ya sayo wani tsohon jirgi mai inji da ya shekara da shekaru a kife bayan gidan ƙanƙara, kyanwoyi na haihuwa a ƙarƙashinsa. Injin ya daɗe da zama tsatsa, sai ya ɗora masa na ban-ruwa da ya samo a gonar shinkafa. Ya ce babu kafintan jirgin da zai sa masa hannu.

Kowane yaro a nan ya san ana cusa auduga tsakanin katakai, a bi da kwalta. Mitwalli ya ce kwalta wari gare ta, aikin ƙauyawa ne. Ya cike ramukan da abin da masu gyaran mota ke shafe lotsawa da shi, ya goge har yana ganin gashin bakinsa a jiki.

Ni ƙanƙara nake sayarwa, rumfata na kallon wurin, don haka na ga komai. Na ga madubai a gefe da gefe. Na ga fitilun tuk-tuk, keken haya mai ƙafa uku, kore da shuɗi, da hon na babbar mota. Na ga an ɗaure tsohuwar kujerar aski a tsakiya da kusoshi, wai mazaunin direba. Ranar da na ga jaki ya kawo siminti da tayil, na kasa haƙuri.

"Ya Usta, banɗaki za ka yi ko jirgi?"

"Kai me ka sani ban da ruwan da ya daskare? Ƙasan jirgi sai da tsabta. Shara ɗaya, ya fita fes."

"To ka sa masa famfo mana."

"Hassada ce ke cin ka, Abu Samah."

Ana gobe buɗe kamu aka tura shi ruwa bayan La'asar. Mutane rago suke yankawa su buga tafin jini a goshin jirgi don kau da bakin mutane. Mitwalli agwagwa ya yanka, jinin bai ishi yatsu biyar ba, sai uku suka fito. Ya hau kujera cikin farar hular rayyis, ya ɗaure igiya a turke, ya danna hon, matan kasuwa suka yi salati. Sannan ya tayar da inji.

Injin ban-ruwa bai san lallashi ba. Ya girgiza jirgin kamar mai zazzaɓi, abin shafen nan ya fara tsagewa yana zubowa gutsure-gutsure. Ruwa ya shigo ta ko'ina. Wani ya yi ihu, "Injin ya tuna aikinsa, ba shi shinkafa!" Siminti da tayil suka ƙarasa sauran. Amarya ta zauna a hankali a kan laka, da yake tafkinmu a nan iya ƙugu ne. Babu abin da ya saura a sama sai madubai, da kujera, da Mitwalli a kanta ya naɗe ƙafafu.

Gabir ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya juya wajen Ammu Dasuƙi, shehun masunta, ya ce, "Ya Hajj, ka gani da idonka. Gobe in kawo nawa jirgin?"

Mitwalli ya ɗaga murya daga kan kujera. "Ammu Dasuƙi, don girman Allah maimaita mana al'adar. Ya aka ce?"

Tsohon ya ce, "Jirgi a ruwa, ɗaure a turke."

"A ruwa aka ce, ko a kan ruwa?"

Ammu Dasuƙi ya sosa gemu, ya dubi igiya, ya dubi abin da ke ƙarshenta.

"A ruwa aka ce."

"To duk tafkin nan a nuna mini jirgin da ya kai nawa zama a ruwa."

Gabir ya yi rantsuwa, ya kira kakanni, ya ce wannan kwatami ne ba jirgi ba. Tsohon ya ce shi bai gaji ikon ƙara kalma ba. Turke ya zauna a gidan Abdul-Ati.

Har yau Amarya na nan inda ta zauna. Ƙananan kifaye na kai da komo a kan tayil. Kullum da safe Mitwalli zai tattare jallabiya ya ratsa ruwa, ya goge madubai, ya duba igiya, ya dawo shago. Ya hana a kira shi Usta, wai Rayyis. Mutumin da bai taɓa nisan jifa daga gaɓa ba.

Jiya na gan shi yana fitowa, laka har gwiwa. Na ce, "Sannu da dawowa, ya Rayyis! Ya hanya? Yoyon dai ya yi sauƙi?"

Ya matse bakin jallabiyarsa, ko kallona bai yi ba.

"Nawa ya yi yoyo yini ɗaya, ya cika, ya yi shiru. Kai tun da aka haife ka kake yoyo ta baki, ka ƙi cika, ka ƙi nutsewa mu huta."