Saniyar da ƙanwata ta kawo Gure

Ƙanwata ta shekara bakwai a Faransa kafin ta zo mana hutu a Gure. Tun muna lakwal, wato makarantar boko, hannunta ba ya rabuwa da laka, can kuwa sai ta koyi gini da farar ƙasar nan da ake gasawa ta zama faɗi-ka-mutu. Ba farantai take yi ba. Dabbobin tatsuniyoyin da muka ji muna yara take ginawa, a jera, mutane su zo kallo.

Guda ɗaya ta kawo, naɗe cikin tsofaffin zannuwa. Saniya ce fara fat, ba ta kai kamu ɗaya ba, haƙarƙarinta duk a waje. In ka ɗaga ta saitin rana, haske na ratsa cikinta. Nan take na gane ta. Goggo, yayar babanmu, ita ke mana tatsuniyar: a shekarar fari wata saniya ta fito daga ƙarƙashin busasshen tafki ta shayar da wata jaririya.

Ranar kasuwa Goggo ta zo daga Bune. Bayan la'asar muka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ƙanwata ta durƙusa ta miƙa mata. Goggo ta goge hannu a zane kafin ta karɓa. Ta daɗe tana jujjuya ta.

"Wannan ba tamu ba ce," in ji ta.

"Ta tatsuniyarki ce fa, Goggo."

"Dubi ƙahonnin. Gajeru, kamar na ɗan maraƙi. Namu haka suke." Ta sa yatsa ta zana su a rairayi, dogaye, sun buɗe sun miƙe sama.

Na ga fuskar ƙanwata ta canza. Daga baya ta faɗa mini cewa a can kowa ya ga aikinta sai ya ce ga aikin mutuniyar Nijar, ga shi a gida an ce ba nasu ba ne. A lokacin dai abin da ta ce kawai, "Na manta, Goggo."

Goggo ta bi haƙarƙarin da babban yatsanta, ɗaya bayan ɗaya. "Amma nan kin yi daidai. Wa ya gaya miki?"

Ba wanda ya gaya mata. Sai Goggo ta ba mu labarin, da muryar da take lissafa mana dangi. Kafin a haife mu aka yi fari, ita da mijinta suka kora shanunsu kudu. Kullum sai wata ta kwanta ta kasa tashi, har ya rage wata ja guda ɗaya. Goggo tana goye da 'yar wata biyar. Nononta ya ƙafe, na saniyar ma haka. A gindin wata aduwa suka binne yarinyar, suka ci gaba da tafiya.

Mu duk rayuwarmu mun ɗauka Goggo ba ta taɓa haihuwa ba.

"Yadda kakata take yin tatsuniyar, saniyar ruwa kawai take nuna wa mutane," ta ce. "Jaririyar ni na sa ta."

Na tashi na zubo mata fura, ta sha.

Can ƙanwata ta tambaye ta ko za ta iya faɗin wannan a inda take nuna aikinta. Goggo ta ce, "Ki faɗi na shanun. Yarinyar ki bar mini." Da ƙanwata ta ce ta bar mata saniyar kyauta, Goggo ta yi dariya ta ce awakinta ba za su bar ta ta kwana biyu ba.

Washegari ƙanwata ta bi ta Bune. Kwana huɗu ta yi tana bin garken shanu da takarda a hannu, tana zana ƙahonninsu. Ta dawo ta yi baƙi, dugaduganta sun tsage, ta kwanta a ɗakina ba ta tashi ba sai azahar.