Nisan Toronto a Bakin Yayana

Tun da yayana ya tafi Kanada bakinsa ya riƙe magana ɗaya. Duk sanda Mama ta tambaye shi yaushe zai zo, sai ya ce, "Mama, wurin nan da nisa fa. Daga Toronto sai an sauka a Turai, a canja jirgi, sannan a kama hanyar Abuja. Ba zuwa Jos ba ne."

Mama kuwa ta hau ta zauna. Matar ma'aikacin reluwe ce, da jirgin ƙasa take auna kowace tafiya. Ta san yadda ake kwana a hanya daga Kafanchan zuwa Fatakwal, saboda haka a lissafinta wanda zai ƙetare teku sai ya yi sati a sama. Haka take faɗa wa matan zumunta a coci, har da alfahari. Ran da na duba a waya na ce mata tafiyar ko kwana ɗaya ba ta cika ba, cewa ta yi wayar ce ke ƙarya, ɗanta ba ya ƙarya. Abin ya ƙona min rai ƙwarai.

Kowace kaka sai ta ware masa acca a buhu, domin yana son gwate. In shekara ta zagayo ta ba mu tsohuwar, ta ɗaure sabuwa.

Da ciwo ya kwantar da ita, na kira shi daga asibiti. Na ce, "Yaya, sunanka take kira. Ka zo." Ya sake karanto min Toronto da Turai da Abuja, sai ka ce yaron mota a tasha. Na kashe wayar tun kafin in zage shi.

Mama ta rasu ranar Talata da safe. Ranar Laraba da la'asar sai ga mota a ƙofar gida, yayana ya fito da baƙin tabarau, akwati cike da yadin anko, yana tambayar wa aka ba aikin kanofi.

Cikin masu zaman makoki akwai wata tsohuwa daga Kagoro, aminiyar Mama tun suna 'yan mata. Ta riƙe hannunsa, ta dube shi da zuciya ɗaya, ba gatse a ciki.

"Ɗana, har ka iso? Maman ka ya ce sati ne ake yi. Ko sun yi sabon hanya a sama?"

Duk matan suka juyo suka zuba masa ido.

Na ce, "Hanyar ɗaya ce, Kaka. Tana nan tun Mama na da rai."

Da yamma na kwance buhun, na dafa masa gwaten, na ajiye a gabansa. Ya ci cokali biyu, ya ce accar nan da kyau, a ina na saya.

Na ce masa, "Taka ce. Ta bara ce ma."