Mai Kiran Inna a Waya

Yaya Datti, wana da nake bi, irin mutumin nan ne da in ka ba shi kyautar agogo, kafin ka kai bakin ƙofa ya kwance bayansa. Rediyon babanmu ta sha wuya a hannunsa, shi ma ya sha bulala a kanta, amma bai daddara ba. Ya girma ya zama ma'aikacin ƙididdiga a wata ma'aikata a nan Kaduna, ya gina ɗan gidansa a Kurmin Mashi. Da ciwon ƙafa ya zaunar da mahaifiyarmu Inna, sai ya ɗauko ta, har ya ja mata reshen wayar tarho zuwa bakin gadonta don ta riƙa gaisawa da dangi. Ni ina aure a Kinkinau, amma kusan kullum ina gidan.

Wajen shekarar dubu biyu ya sayi tsohuwar kwamfuta. Maimakon ya bar ta yadda ta zo kamar kowa, sai ya goge manhajar da ke kanta ya sa wata wai ita Linuks. Kyauta ce, in ji shi, kuma kowa na iya leƙa cikinta ya gyara. To, abin nema ya samu! Daga ofis sai gaban baƙin allo mai fararen rubutu, tuwo ya huce a gefensa bai sani ba.

Ana nan sai babbar 'yarsa Safara'u, wadda ta bi mijinta karatu Malesiya, ta haihu namiji. Mijin ya bugo ya ce ya turo hoton jaririn ta intanet. Inna na jin haka ta ce, "Datti, idanun nan nawa kullum baya suke yi. Ina so in ga tattaɓa-kunnena tun ina gani." Shi kuwa ya daki ƙirji ya ce kafin ranar suna za ta gan shi, a cikin gidan nan.

Na ce, "Yaya, ka je shagon intanet a buga maka a takarda mana." Ya harare ni, wai fuskar jikansa ba za ta fara bi ta hannun baƙi ba. Taurin kai dai, gadonmu ne.

A lokacin, shiga intanet sai ta layin tarho. Akwai wani ɗan akwati da ake kira modam, shi ke buga lamba ya haɗa kwamfuta da waje. Wanda ke cikin kwamfutarsa ya ƙi jituwa da Linuks ƙememe, sai ya samo na waje, na hannu, mai 'yan fitilu jajaye. Ya rubuta masa lambar kamfanin intanet da sunansa da kalmar sirri. Shiru. Sai can ya gano layin unguwarsu tsohon yayi ne, irin na wayar da ake juyawa da yatsa, sai an ƙirga masa lamba ɗaya bayan ɗaya. Ya gyara umarnin. Akwatin ya buga, ya kama wani irin ƙugi da tsuwa kamar an taka wutsiyar mage. Yaya ya miƙe tsaye don murna, sai layi ya yanke.

Haka aka yi ta yi. Ya sake rubutu, ya rage gudun akwatin, ya canza igiya, ya zargi kansa, ya zargi ruwan sama. Da ya kusa haɗuwa sai ya yanke. Wallahi ya ba ni tausayi, mutum ya rame a tsaye. Inna kuma ba ta ƙara tambayarsa ba, wannan shirun nata ya fi komai ci masa rai.

Ana gobe suna, bayan la'asar, ina ɗakin Inna ina yanke mata farce, sai wayarta ta yi ɗan ƙil-ƙil-ƙil, ba irin ƙarar kira sosai ba. Kan ka ce kwabo ta fizge hannunta ta ɗauka.

"Salamu alaikum. Ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali? Madalla. Ya ruwa a wajenku?"

Na ce, "Inna, wa ke magana?"

Ta rufe bakin wayar da tafinta. "Wani bawan Allah ne, kwanan nan bini-bini sai ya kira. Layinsa ba kyau, kuwwa kawai nake ji. Ina zaton kawunku Yahya ne daga ƙauye."

Daidai nan muka ji Yaya daga falo: "Innalillahi! Ya sake yankewa!"

Ai sai na zube ƙasa ina dariya har da riƙe ciki. Ashe duk sanda akwatin ya ƙirga lamba sai wayar Inna ta motsa, ita kuma ta ɗauka ta shimfiɗa masa gaisuwa, layi ya watse. Na kira Yaya na faɗa masa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tsuru-tsuru, sannan ya durƙusa.

"Inna, don Allah in ta sake motsi kada ki ɗauka."

"Kai Datti! Mutum ya neme ni in yi banza da shi? Haka na tarbiyyantar da ku?"

Wa zai ja da Inna? Cire mata waya kuwa, kunya ba za ta bar shi ba. Ya fita. Sai ga shi ya kinkimo teburi, ya dawo ya kwaso kwamfuta da igiyoyinta, ya girke su gaban gadonta. Ya ce, "Inna, ara mini ramin bangon da ake soka wayarki, mai kiran naki zai yi magana a fili." Ta yarda, ya zare wayarta ya soka igiyar akwatin. Akwatin na fara tsuwa ta ce, "Yauwa, shi ne! Sannu bawan Allah, ka sha hanya."

Wannan karon bai yanke ba. Hoton ya fara saukowa daga sama, a hankali a hankali. Farin zane tukuna, sai gashi baƙi wuluk, sai goshi. Matar Yaya ta shigo da ludayi a hannu. Da idanu suka fito, Inna ta ce a matso da ita. Muka tallafe ta ni da Yaya har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallo. Ta yi addu'a ta tofa, ta shafa kan yaron da tafinta.

"Na gan shi," ta ce. "Datti, Allah ya yi maka albarka."

Yaya ya tsura wa hoton jikansa ido. Sai ni na amsa masa da amin.